Sa'ad da Gwiwar Ma'aikaci ta Yi Sanyi: Darasi Daga Masaƙun Kaduna

Duk wanda ya bi hanyar Kudenda da sassafe ya san yadda wurin yake. Tun gari bai gama wayewa ba mutane suke fitowa daga Nasarawa, Tirkaniya, Kakuri, Makera, Romi da Gonin Gora, wasu a ƙafa, wasu a keke mai ƙafa uku, wasu a kan babur, kowa yana sauri kada a rufe ƙofar kamfani bai shiga ba. Da yawa cikinsu 'yan'uwanmu ne. Ranar Lahadi muna zama da su a benci ɗaya. Idan muka tambaye su, "Ina aiki?" sai su amsa, "Aiki da godiya." Haka gaisuwa ta koya mana, kuma amsa ce mai kyau. Amma a bayan wannan amsa akwai wanda wata biyu ke nan bai ga albashi ba, akwai wanda ya shekara biyar yana aiki ba shi da takardar ɗaukar aiki, akwai kuma wanda yake zuwa kullum amma zuciyarsa ta daɗe da barin wurin.

A wannan darasi muna so mu fahimci abin da ake kira sanyin gwiwar ma'aikata: mene ne shi, me yake kawo shi, kuma ina yake kai kamfani da iyalan da suke ci daga cikinsa. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tarihin masaƙun Kaduna yana nan a ƙofar gidanmu, kuma da yawa cikin iyayenmu da dattawanmu sun ga abin da idonsu. Abin da tarihin nan yake nuna mana shi ne, kamfani yakan fara mutuwa a zuciyar ma'aikatansa shekaru kafin a sa kwaɗo a ƙofarsa. Wanda ya iya gane alamun da wuri yana iya ceton kansa, wani lokaci ma ya ceci wurin aikinsa.

Zamanin da jiniya take tashin gari

A shekara ta 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya sani da KTL, ta fara aiki a Kakuri, maƙwabciyar Kudenda. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa ta, tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead and Sons. Manufar a fili take: audugar da ake nomawa a ƙasashen Funtuwa, Gusau da Zariya a daina kwashe ta duka zuwa ƙetare, a kaɗa ta a saƙa ta a gida. KTL ta yi suna da saƙar akoko. Cikin shekarun 1960 wasu masaƙu suka biyo baya: Nortex, da United Nigerian Textiles, wato UNTL, wadda iyalin Cha na Hong Kong suka kafa a 1964, da Arewa Textiles wadda Japanawa suka sa hannu wajen kafa ta. UNTL ta girma har ta zama babbar masaƙa a duk ƙasar, atamfarta tana shiga kasuwannin Afirka ta Yamma. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri. Sannu a hankali masana'antu suka bazu a kudancin kogin Kaduna har zuwa Kudenda.

Mutane suka yi ta zuwa neman aiki daga kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, Kwara, Kano, Katsina da kudancin ƙasar nan. Kirista da Musulmi suna tsayawa a gaban injin ɗaya, suna cin abinci wurin mai tuwo ɗaya. Unguwanni suka cika, majami'u da makarantu suka tashi, masu gidajen haya da 'yan kasuwa suka samu abin yi.

Kada mu ɗauka aikin yana da sauƙi. Injinan ba sa hutawa, ana aiki safe, yamma da dare. A ɗakin saƙa ƙarar injin takan hana mutum jin maganar na kusa da shi, kuma wanda ya daɗe a ciki kunnensa yakan yi nauyi. A ɗakin kaɗi ƙurar auduga takan shiga ƙirji ta kawo tari da wahalar numfashi. A ɗakin rini akwai zafi da warin sinadarai. Duk da haka mutum yana alfahari ya ce shi ma'aikacin masaƙa ne. Me ya sa? Domin idan wata ya ƙare albashi yana zuwa. Akwai asibitin ma'aikata. Akwai kuɗin ƙarshen shekara. Akwai begen cewa bayan shekaru masu yawa mutum zai karɓi kuɗin sallama ya gina gida a ƙauyensu. Akwai kuma ƙungiya mai magana da yawunsa. A 1978 aka haɗa ƙungiyoyin ma'aikatan masaƙu suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa, mai hedikwata a nan Kaduna. Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982, daga baya ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya daga 1999.

Mu riƙe wannan batu da kyau, gama shi ne tushen darasinmu: wahalar aiki kaɗai ba ta kashe gwiwar mutum. Manomi yana shan rana da murna muddin yana sa ran girbi. Abin da yake karya zuciya shi ne a sha wahalar, sa'an nan alkawarin da aka yi a kanta ya ƙi cika.

Yadda bango ya fara tsagewa

Matsalar masaƙu ta fara ne daga waje. A farkon shekarun 1980 farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, kuɗin ƙasashen waje ya yi ƙaranci, gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982. Samun takardar izinin shigo da kayan gyara, sinadaran rini da auduga ya zama da wuya. Masaƙu suka fara tura ma'aikata hutun dole. A farkon 1984 lamarin KTL ya kai ga batun biyan rabin albashi, ma'aikata suka fito zanga-zanga a titunan Kaduna. Wannan ya faru shekara goma sha takwas kafin a rufe masaƙar. Alamar ta fito tun da wuri ke nan.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP. Darajar Naira ta faɗi, aka rushe hukumar cinikin auduga, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata ko da an biya shi cif. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 kuma aka ɗage haramcin shigo da yadi. Atamfa mai araha daga Asiya ta cika kasuwanni, wata ta ƙofa, wata ta fasa-ƙwauri ta kan iyakokin Benin da Nijar. Wani lokaci ma akan kwaikwayi zanen masaƙunmu a buga a waje, a kawo a sayar a Kantin Kwari ƙasa da kuɗin da muke kashewa wajen saƙa shi. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi, wanda ake samu daga matatar mai ta Kaduna, ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, domin matatar kanta ba ta aiki yadda ya kamata. Injinan da aka girka tun shekarun 1960 suka tsufa ba a sauya su ba.

Waɗannan duka gaskiya ne, kuma ba laifin ma'aikaci ba ne. Amma nauyinsu a kansa ya fara sauka. Idan kuɗi ya yi wa kamfani ƙaranci, mai kawo mai ba zai jira ba, banki ba zai jira ba, kamfanin wuta zai yanke waya. Wanda ake ganin zai iya jira shi ne ma'aikaci. Da haka albashinsa yake zama bashin da kamfani yake ci ba tare da ya roƙa ba.

Abin da yake faruwa a zuciyar ma'aikaci

A 1959 wani masani ɗan Amurka mai suna Frederick Herzberg ya wallafa binciken da ya yi da abokan aikinsa a kan injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Ya tambaye su lokacin da suka fi jin daɗin aikinsu da lokacin da suka fi jin haushinsa. Ya tarar amsoshin sun kasu gida biyu. Abubuwan da suke sa mutum ƙin aikinsa su ne irin su albashi, ƙa'idodin kamfani, halin shugaba da yanayin wurin aiki. Abubuwan da suke sa mutum son aikinsa kuwa su ne ya ga ya ƙware, a yaba masa, a danƙa masa amana, ya ga hanyar ci gaba. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, rukuni na farko kamar harsashin gini ne. Idan ya rushe, jawabin manaja da kyautar "gwarzon ma'aikaci na wata" ba za su tsai da bango ba. Idan kuma harsashin yana nan amma ba a ganin darajar mutum, zai zo aiki da jikinsa kawai.

Bari mu bi matakan da sanyin gwiwa yake bi, kamar yadda aka gani a masaƙu, kamar yadda kuma ake gani a kowane babban kamfani da ya shiga wannan hali.

Na farko, albashi yakan fara jinkiri. Yau ranar biyar ga wata, gobe ranar goma sha biyar, jibi a ce a karɓi rabi. Ma'aikaci ya ci bashi wurin mai shago da mai gida. Idan kuɗin ya zo, kafin ya isa gida ya ƙare. Mutumin da yake tunanin kuɗin makarantar yara a gaban injin ba zai ga zaren da ya tsinke ba.

Na biyu, a daina gyara. Fanka ta lalace a bar ta, a daina ba da abin rufe hanci da na toshe kunne, asibitin ma'aikata ya koma rubuta magani a je a saya a waje. Ko ba a faɗa da baki ba, ma'aikaci ya fahimci saƙon: lafiyarka ba ta cikin lissafinmu.

Na uku, a daina faɗin gaskiya. Manyan kamfani su rufe ƙofa suna taro, ƙanana su rayu da jita-jita. Ana cewa za a rage mutane, ba wanda ya san ko su wane ne. Daga nan sai gulma, kai ƙara a ɓoye, da neman gindin zama ta hanyar ƙabila ko addini. Abokan aiki su koma abokan gāba.

Na huɗu, ƙwararru su fara tafiya. Makanikin da ya san kukan kowane injin, da mai haɗa launin rini, su ne suke da inda za su je, su ne kuwa suke fara fita. A maye gurbinsu da 'yan wucin gadi waɗanda ba a koya musu aikin sosai ba, ba su kuma da dalilin ɗaukar kamfanin a matsayin nasu.

Na biyar, waɗanda suka rage su raba ƙarfinsu. Wannan ya yi acaba da rana ya zo aikin dare yana gyangyaɗi. Wancan ya tafi gona ya ce ba shi da lafiya. Wani ya fara fita da ɗan ƙyalle ko ɗan ƙarfe a ƙarƙashin riga, yana gaya wa kansa cewa haƙƙinsa yake ɗiba. Kaya su lalace, masu saye su gudu, kuɗi ya ƙara ƙaranci, albashi ya ƙara jinkiri. An koma mataki na farko ke nan, sai dai ramin ya ƙara zurfi.

Mataki mafi haɗari shi ne shiru. Muddin ma'aikata suna gunaguni, suna kai kuka, to har yanzu sun damu da wurin. Ranar da suka daina magana, ko don tsoro ko don sun ga ba amfani, ranar ce kamfani ya rasa idanunsa da kunnuwansa. A Bangladesh, ranar 24 ga Afrilu 2013, wani bene mai suna Rana Plaza da yake ɗauke da masana'antun ɗinki ya rushe, mutane fiye da 1,100 suka mutu. Kwana ɗaya kafin haka an ga bangon ya tsage, amma aka umarci ma'aikata su koma aiki. Sun ga haɗarin da idonsu, sai dai muryarsu ba ta da nauyi.

Bayan an sa kwaɗo

A ƙarshen 2002 KTL ta rufe. A lokacin jihohin Arewa goma sha tara ne suke da mallakarta. Ma'aikata suka koma gida ba a biya su kuɗin sallama ba. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya Finetex, Nortex da Arewa Textiles su ma suka tsaya. A 2007 UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna, ma'aikata kimanin 4,000 suka rasa aiki. Gwamnatin tarayya ta ware Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin farfaɗo da auduga da masaƙu, UNTL kuma ta sake buɗewa a ƙarshen 2010, amma da ma'aikata kaɗan idan aka kwatanta da na dā.

Tsofaffin ma'aikatan KTL, Arewa, Nortex da Finetex suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta waɗanda aka rufe masaƙunsu ba a biya su ba. Shekara bayan shekara suna rubuta takardu, suna zanga-zanga, suna roƙon gwamnoni. Da yawa sun mutu suna jira. Mun halarci jana'izar wasunsu. Mun ga gwauraye suna riƙe da tsohon katin aikin mazajensu a cikin leda, suna fatan wata rana za a kira suna. Mun ga yara da aka cire daga makaranta, da iyalai da mai gida ya fitar da kayansu waje. Wanda ya yi shekara ashirin ko talatin a gaban injin ya wayi gari yana gadi ko tura baro.

Ga abin da ya kamata mu lura da shi. Kuɗin sallamar nan alkawari ne da yake rubuce a littafin kamfani, ba a ajiye shi a wani wuri dabam ba. Da kamfanin ya nutse, sai ya nutse da shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin da kuɗin kowane ma'aikaci yake shiga asusunsa na kansa, a hannun wani kamfanin fansho dabam da wanda yake yi wa aiki.

Kudenda a yau

Har yanzu akwai masana'antu a Kudenda da kewaye, kuma iskar da ta kaɗa masaƙu ba ta daina kaɗawa ba. Tashar wutar lantarki mai megawat 215 da aka ba da kwangilarta a Kudenda a 2009 domin ta taimaki masana'antu ta shafe shekaru fiye da goma ba ta ba su wutar ba. A watan Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin mota da na abinci suka ninka. A watan Afrilu 2024 kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A ya tashi zuwa Naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya. A wannan watan ne kamfanin Nigerian Breweries, bayan asarar Naira biliyan 106 a 2023, ya sanar da dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsa tara, ɗaya daga ciki ita ce ta Kakuri. Idan babban kamfani irin wannan ya ji jiki, sai mu auna halin ƙanana.

Wani abin da ya bambanta yau da zamanin masaƙu shi ne yawaitar aikin wucin gadi. Matasa da yawa suna aiki a cikin kamfani amma a takarda ba ma'aikatansa ba ne, na wani ɗan kwangila ne da yake kawo leburori. Suna aiki ɗaya da na dindindin, albashinsu ya fi ƙanƙanta, ba fansho, ba hutu, ba ƙungiya. Ana iya ce musu kada su zo gobe. Iyayenmu sun shiga masaƙa da alkawari, daga baya aka karya shi. 'Ya'yanmu da yawa suna shiga aiki ba a ma yi musu alkawarin ba.

Abin da doka ta tanada

Rashin sani yana ƙara wa mutum rauni, saboda haka yana da kyau kowane ma'aikaci ya san waɗannan abubuwa.

Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci takarda mai bayyana irin aikinsa, albashinsa, lokutan aiki, hutu, da yadda za a iya rabuwa. Ta kuma ce kada tsakanin biyan albashi da na gaba ya wuce wata ɗaya. Idan za a rage ma'aikata, dole a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a 2024. Dokar ta shafi wuraren aiki masu ma'aikata 25 zuwa sama.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a kuma zuba kuɗin a asusun ma'aikaci cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Idan ana cirewa a takardar albashinka amma ba ka ganin saƙon shigarsa, wannan babbar alama ce. Ana kai irin wannan ƙara ga hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi magani da diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki, ta hannun hukumar NSITF. Kamfani ne yake biyan kuɗin wannan asusu, ba a cire shi daga albashi.

Tsarin mulkin ƙasa ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da yake sasanta rikici, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai aikin kamfani: ajiye takardar ɗaukar aikinka da takardun albashinka a wuri mai kyau, gama tsofaffin ma'aikatan masaƙu za su gaya maka ranar da takarda take zama shaida. Duba asusun fanshonka a kai a kai. Shiga adashi ko ƙungiyar taimakon juna, ka koyi wata sana'a tun kana da ƙarfi. Idan ka ga alamu biyu ko uku cikin waɗanda muka lissafa, kada ka ruɗi kanka da cewa kamfanin ya yi girman da ba zai faɗi ba. Haka aka ce game da KTL da UNTL. Idan akwai kuka, a kai shi tare, a rubuce, ta hanyar da ta dace, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kada zaluncin da aka yi maka ya mai da kai ɓarawo ko mai ha'inci. Wanda ya lalata injin don haushi, abincin abokin aikinsa ya zubar, sunansa kuma ya ɓata a inda zai nemi aiki gobe.

Ga wanda aka ɗora a kan wasu, ko manaja ne, ko shugaban sashe, ko mai rubuta sunayen leburori a ƙofa: mai yiwuwa ba kai kake yanke albashi ba, amma akwai abubuwa da yawa a hannunka da ba sa cin ko kwabo. Ka faɗi gaskiya game da halin da ake ciki, gama mutane suna iya jure labari marar daɗi fiye da yadda suke jure ruɗi. Ka raba aikin dare da ƙarin lokaci da adalci, ba tare da duba yare ko majami'ar mutum ba. Kada ka karɓi na goro kafin ka sa sunan mai neman aiki, kada kuma ka nemi wani abu wurin 'yar mutane domin ka bar ta a bakin aikinta. Idan na ƙasa da kai ya ce waya tana tartsatsi ko bango ya tsage, ka kai maganar sama, ka kuma tsaya a kanta.

Ga mu duka a ikilisiya: wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma muna ɗaukar ma'aikata. Muna da makarantu, asibitoci, masu gadi, masu shara da direbobi. A gidajenmu akwai 'yan aiki. Littafi Mai Tsarki, tun daga Dokar Musa har zuwa wasiƙar Yakubu, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan riƙe ladan wanda ya yi wa mutum aiki. Kafin mu nuna wa kamfani yatsa, sai mu tambayi kanmu ko malaman makarantarmu sun karɓi albashin watan jiya, ko an zuba fanshonsu. Bai dace mu ce wa mutum ya yi haƙuri aikin Ubangiji ne alhali muna zuba dakali ga sabon gini ba. Haka kuma dattawa da zumuntar mata su san iyalan da albashi ya tsaya musu, su ziyarce su tun kafin yunwa ta sa su ɓuya daga sujada don kunyar baiko. Cikinmu akwai lauyoyi, akantoci da tsofaffin shugabannin ƙungiyar ƙwadago. Zama ɗaya da su bayan sujada zai iya buɗe wa matasa ido a kan abin da ya kamata su duba kafin su sa hannu a takarda.

Tsofaffin ma'aikatan masaƙu suna nan da rai a cikinmu, wasu su ne dattawan ikilisiyoyinmu. Mu zauna da su, mu tambaye su lokacin da suka fara ganin alamun, da abin da za su yi dabam da za a mai da su baya. Sun biya wannan ilimi da tsada, bai kamata 'ya'yansu su sāke biya ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin matakai biyar da muka lissafa, wanne kake gani a wurin aikinka, ko a wurin aikin wani na gidanku?

2. Idan ana bin ka albashin wata uku, waɗanne hanyoyi ne na neman haƙƙinka suka dace, waɗanne ne kuma ba su dace ba?

3. Su wane ne suke yi wa ikilisiyarmu ko gidanmu aiki? Suna da takarda? Ana biyansu a kan lokaci?

4. Akwai gwauruwa ko marayan wani tsohon ma'aikacin masaƙa a cikinmu? Yaushe rabonmu da ziyartarsu?